Takht-e Soleyman: kufan gidan wutar sarakunan Farisa, da dalilin da ya sa Iran ke tattalinsa

Duk wanda ya taɓa zama a majalisin Maulidi, ko ya ji ana rera Burda, ya san labarin nan: a daren da aka haifi Manzon Allah (SAW) fadar Kisra ta tsage, tafkin Sawa ya ƙafe, wutar Farisa da ta shekara dubu tana ci ta mutu. Tun muna yara muke jin sa. Amma da wuya ka sami wanda ya tsaya ya tambayi yadda gidan wutar yake, wa ke hura ta, da abin da ya sa daula sukutum za ta rataya mutuncinta a kan garwashi. Akwai kufai guda a arewa maso yammacin Iran da ke amsa waɗannan tambayoyi da dutse da tubali. Sunansa a yau Takht-e Soleyman, wato kursiyin Annabi Sulaiman, ko da yake, kamar yadda za mu gani, ginin ba shi da wata alaƙa da Annabi Sulaiman (AS).

Wurin yana lardin Azarbaijan ta Yamma, kimanin kilomita 40 daga garin Takab, a cikin duwatsu masu tsayin sama da mita 2,000 daga doron teku. Ƙasar sanyi ce, dusar ƙanƙara na lulluɓe ta watanni. Abin da ido zai fara gani shi ne wani tudu mai shimfiɗaɗɗen kai, an zagaye shi da ganuwar dutse mai tsawon sama da kilomita ɗaya da hasumiyoyi 38. A tsakiyar tudun kuma, inda ba wanda zai yi zato, akwai tafki.

Tafkin shi ne asalin komai. Tsawonsa kimanin mita 120 ne, faɗinsa mita 80, zurfinsa ya haura mita 60, kuma gefensa a tsaye yake kamar rijiya. Daga can ƙarƙashin ƙasa ruwan ke ɓuɓɓugowa, da ɗumi-ɗuminsa rani da hunturu, yana malala waje ta magudanai guda biyu. Ruwa ne mai ɗauke da farar ƙasa, ba ya shawuwa, kifi ba ya zama a cikinsa. Duk inda ya bi sai ya bar ɓawo, ɓawon ya daskare ya zama dutse. A cikin dubban shekaru haka ya yi ta ɗaga bakinsa kaɗan-kaɗan har ya tara tudu mai tsayin kimanin mita 60 sama da kwarin da ke kewaye. Ke nan ruwan ne ya gina wa kansa dandamali, mutane suka zo daga baya suka ɗora nasu ginin a kai. Ga al'ummar da ke girmama ruwa da wuta fiye da komai a cikin halitta, samun tafki mai ɗumi a kan tudu a ƙasar ƙanƙara ba ƙaramin abu ba ne.

Al'ummar su ne Majusawa, mabiya addinin Zaradashta, waɗanda Alƙur'ani ya ambata sau ɗaya a aya ta 17 ta Suratul Hajji. A wurinmu sunansu masu bautar wuta. Su a nasu bayanin cewa suke Ahura Mazda suke bauta wa, wuta kuwa alama ce ta haskensa da tsarkinsa, don haka suke fuskantar ta in za su yi addu'a. Ko ma yaya aka ɗauki wannan bayani, hidimar da ake yi wa wutar ba ta da wasa. Sau biyar a yini ake sa mata busasshen itace da turare. Mai kula da ita yana rufe baki da hanci da wani ƙyalle don kada numfashinsa ya taɓa ta. Babbar wuta ba a kunna ta da ƙyastu kawai: har yau a al'adarsu sai an tattaro wuta daga wurare 16 daban-daban, har da ta maƙera da ta tsawa, a tsarkake kowace, sannan a haɗa. In an girka ta, naɗa ta ake yi kamar sarki, kuma ba a barin ta ta mutu. Salmanul Farisi (RA), a labarin musuluntarsa, ya faɗi cewa yana saurayi a ƙauyensu kusa da Isfahan shi ne mai tsaron wutar da ba a barin ta ta huce ko da sa'a ɗaya. Irin wannan aikin ne, sai dai na ƙaramin gida.

A zamanin daular Sasaniyawa, wadda Ardashir na ɗaya ya kafa a 224 ta kuma ƙare a 651, akwai dubban gidajen wuta, amma uku ne manya, kuma an raba su gwargwadon yadda aka raba jama'a. Adur Farnbag ta malaman addini ce, a yankin Fars. Adur Burzen-Mihr ta manoma ce, a gabas wajen Kurasan. Adur Gushnasp kuwa ta mayaƙa ce, kuma tun da sarki shi ne shugaban mayaƙa, ita ce ta zama wutar sarauta. Biyun farko har yau ana jayayya a kan ainihin inda suka zauna. Ta ukun ce kaɗai aka tabbatar da gidanta, kuma shi ne wannan kufai.

Gine-ginen farko na tubalin laka sun fara ne wajen ƙarni na 5. Daga baya, musamman a zamanin Kisra Anushirwan (531 zuwa 579) da jikansa Kisra Abarwiz (590 zuwa 628), aka sake su da sassaƙaƙƙen dutse da gasasshen tubali. Tsarin a miƙe yake. Talaka mai ziyara zai shigo ta ƙofar arewa, ya ratsa wani fili mai rumfuna, ya iso ɗakin wuta. Ɗaki ne mai kusurwa huɗu, baka huɗu sun ɗauki kubba a samansa, da lungu kewaye da shi. Daga kudu kuma wani babban zaure mai buɗaɗɗen gaba ya fito daga jikin ɗakin yana kallon tafkin, nan ne ɓangaren sarki. Ta yamma akwai wani zauren da ya fi wannan girma, wanda ake kira zauren Kisra. Guntun bangonsa da ya rage shi ne gini mafi tsayi a wurin yanzu, an tokare shi da ƙarafa kada ya faɗi.

Sarakuna ba sa zuwa hannu rabbana. Tarihi ya kawo cewa Bahram na biyar (420 zuwa 438), bayan ya ci yaƙi a gabas, ya aiko da lu'ulu'an da ya samu ganima zuwa wannan gida. Kisra Abarwiz ya zo neman nasara lokacin da babban kwamandan yaƙi Bahram Chobin ya ƙwace masa gadon sarauta, da ya ci nasara a 591 kuma ya saka da kyauta mai yawa. Marubutan Musulmi na farko, irin su Ibn Khurdazbih, sun ce duk sabon sarki sai ya tako da ƙafa daga Mada'in zuwa nan bayan naɗinsa. Mada'in tana kusa da Bagadaza ta yau, tazarar ta haura kilomita 400 ko da a miƙe, kuma duwatsun Zagros ne a tsakani. Ni dai na fi karkata ga masu ganin zangon ƙarshe kawai sarki ke saukowa daga doki. Ko hakan ne, mutumin da ke kiran kansa sarkin sarakuna ya sauka ya taka ƙasa don wata wuta, wannan ya isa ya nuna matsayinta. Addini da mulki a daular nan igiya ɗaya ta ɗaure su.

Shi ya sa abin da ya faru a 624 ya yi wa Farisa ciwo, kuma a nan ne labarin wannan kufai ya shigo cikin abin da muke ji a tafsiri. Tun 602 Farisa da Rum suke gwabzawa. Da farko Farisawa ne ke da rinjaye: suka ci Sham, suka ci Baitul Muƙaddas a 614, suka ɗauke gicciyen da Kiristoci suka yi imani a kansa aka gicciye Almasihu, daga baya suka haɗa da Masar. Mushrikan Makka suka yi murna, don suna ganin Farisawa 'yan'uwansu ne marasa littafi. A wannan yanayi farkon Suratur Rum ya sauka, cewa an rinjayi Rumawa a ƙasa mafi kusa, kuma bayan rinjayar da aka yi musu za su yi rinjaye cikin 'yan shekaru. Labarin cacar da Sayyidina Abubakar (RA) ya yi da Ubayyu bin Khalaf a kan wannan, tun kafin a haramta caca, sananne ne.

Hiraƙal, sarkin Rum, ya fito a 622. Maimakon ya bi ta Sham yana ƙwato gari bayan gari, sai ya zagaya ta Armeniya ya faɗo Azarbaijan, cikin gidan Farisa. Kisra Abarwiz, da ke garin Ganzak kusa da nan, ya gudu. Sojojin Rum suka shiga gidan wutar suka yi masa kaca-kaca. Marubutan Armeniya na wancan zamani sun ce har gawawwaki aka zuba a tafkin don a ƙazantar da shi. Ramuwar gayya ce a fili: kun taɓa mana Ƙudus, mun taɓa muku wutarku. Shekarar 624 ɗin kuma ita ce shekarar Badar, kuma akwai ruwayar da ta ce labarin nasarar Rum ya zo daidai da ranar Badar, wasu malamai kuma suka ce sai a Hudaibiyya. Yaƙin dai bai ƙare ba sai bayan karon Ninawa a 627, da kashe Kisra Abarwiz a 628 a juyin mulkin da ɗansa ya yi masa. Shi ne Kisran da ya yayyaga wasiƙar Manzon Allah (SAW).

Wutar ba ta ƙare a nan ba, an dawo da ita an ci gaba da hura ta. Wannan kuma ya taɓa labarin daren Maulidi da muka fara da shi. Ruwayar ba ta ambaci sunan wata wuta ba, cewa kawai ta yi wutar Farisa, kuma malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinta. Saboda haka kada wani ya nuna hoton wannan wuri ya ce ga inda abin ya faru, ba shi da hujjar hakan. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne wannan gida ya ci gaba da aiki ɗaruruwan shekaru bayan haihuwar Annabi (SAW).

Mutane da yawa sun ɗauka da zarar Musulmi sun ci Farisa a Ƙadisiyya da Nahawand sai suka bi gidajen wuta suna rushewa. An rusa wasu, an mayar da wasu masallatai, musamman daga baya. Amma a Azarbaijan sulhu aka yi. Balazuri ya kawo cewa a zamanin Sayyidina Umar (RA), Huzaifa bin Yaman (RA) ya yi yarjejeniya da gwamnan yankin a kan dirhami 800,000, bisa sharaɗin ba za a rusa gidan wuta ba, kuma ba za a hana mutanen Shiz rawar da suka saba yi a ranakun idinsu ba. Shiz shi ne sunan da Larabawa suka san wannan wuri da shi. Tushen hukuncin kuwa shaidar Abdurrahman bin Auf (RA) ce, cewa Annabi (SAW) ya karɓi jiziya daga Majusawan Hajar. Kimanin shekara 300 bayan wannan, a ƙarni na 10, matafiyi Abu Dulaf ya zo Shiz ya tarar da wutar tana ci. Ya rubuta cewa masu kula da ita sun ce ta shekara 700 ba ta mutu ba, ya kuma ce ya zura doguwar igiya a tafkin bai taɓo ƙasa ba. Bayan shi labarinta ya dusashe. Jama'ar yankin sun musulunta sannu a hankali, kuɗin hidima ya yanke, masu hurawa suka ƙare.

A ƙarni na 13 wurin ya sake farfaɗowa a hannun waɗanda ba a zata ba. Sarkin Mongol Abaƙa Khan, ɗan Hulaku wanda ya rusa Bagadaza a 1258, ya zaɓe shi ya gina fadar shan iska a shekarun 1270. Mongol sun kira wurin Sughurluk. Suka gyara zauren Kisra, suka zagaye tafkin da rumfuna, suka huda sabuwar ƙofa ta kudu, suka lulluɓe bangaye da tayil masu ƙyalli. A kan tayil ɗin akwai dodanni da tsuntsaye irin na zanen Sin, akwai kuma baitoci daga Shahnama ta Firdausi, littafin tsofaffin sarakunan Farisa. Siyasa ce tsagwaronta: baƙo ya ci ƙasa da takobi, yana so a gan shi a matsayin magajin Kisra, sai ya je ya zauna a inda Kisra ya zauna. A cikin wannan fada aka tsinci wani farantin farar ƙasa da aka zana taswirar adon nan mai kama da saƙar zuma da ake yi a rufin masallatai da fadoji. Yana cikin mafi daɗewar zanen magina irinsa da aka sani a duniyar Musulunci. Yawancin tayil ɗin yanzu suna warwatse a gidajen tarihi na Tehran, Balin, Landan da New York.

Sunan Annabi Sulaiman ya zo ne bayan duk wannan, lokacin da wurin ya zama kango, aka manta wanda ya gina shi. Akwai labarin da ake yawan faɗa wa masu yawon buɗe ido, wai Majusawa ne suka laƙa masa sunan don Larabawa su ji nauyin rusa shi. Labari ne mai daɗi, amma bai tsaya da ƙafarsa ba, tun da ɗaruruwan shekaru bayan zuwan Musulunci Shiz ake kiran wurin, kuma yarjejeniya ce ta kare shi. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne al'adar mutanen Iran ta jingina duk wani gini da ya fi ƙarfin tunaninsu ga annabin da aljanu suka yi wa aiki. Ko kabarin Sairus, tsohon sarkin Farisa, a Pasargad an daɗe ana kiransa kabarin mahaifiyar Sulaiman. A nan ma sunan ya bazu ga maƙwabta. Kilomita 3 yamma akwai wani dutse mai tsini, tsayinsa kimanin mita 100, da rami mai zurfi a tsakiyarsa, ana ce masa kurkukun Sulaiman, wai a nan yake tsare kangararrun aljanu. A gaskiya tsohon marmaro ne irin na tafkin, ruwansa ya janye ya bar rami, kuma a kewayen bakinsa akwai ragowar wurin bauta da ya girmi gidan wutar da fiye da shekara dubu. Wani dutsen kuma ta arewa maso gabas an ba shi sunan Bilkisu.

Turawa sun fara rubutu a kan kufan a ƙarni na 19. Robert Ker Porter ya zo a 1819, Henry Rawlinson a 1838, kuma an daɗe ana musu a kan ko wane tsohon gari ne. Tono na sosai sai a 1959, lokacin da Cibiyar Binciken Kayan Tarihi ta Jamus ta fara aiki a ƙarƙashin Rudolf Naumann, daga baya Dietrich Huff, har zuwa ƙarshen shekarun 1970. A farkon shekarun 1960 suka faɗa kan wani ɗaki kusa da ƙofar arewa mai ɗauke da dunƙulen yumɓu sama da 200, irin waɗanda ake manna wa takardu da kaya a buga musu hatimi. Wasu hatiman na ɗauke da sunan babban malamin gidan wutar Gushnasp. Wannan ya kashe musun. A ganina waɗannan ƙananan dunƙulen laka sun fi hasumiyoyin 38 daraja, don su ne suka haɗa abin da littattafai suka faɗa da abin da ke ƙasa.

A 2003 UNESCO ta sa wurin cikin jerin kayan gadon duniya. Shi ne na huɗu daga Iran, kuma na farko bayan shekara 24, tun ukun da aka sa a 1979, shekarar juyin juya hali. Babbar hujjar da aka kafa ita ce ta gini. Ɗaki mai kusurwa huɗu da kubba a kai, da zaure mai buɗaɗɗen gaba a jikinsa, shi ne tsarin da manyan masallatan Iran suka ɗauka daga baya, ana ganinsa a masallacin Juma'a na Isfahan, daga nan ya wuce tsakiyar Asiya da Indiya. Maginan da suka musulunta ba su jefar da sana'ar kakanninsu ba, alƙibla suka juya mata. Akwai dai wani abu a bayanin UNESCO da ya kamata a karɓa da taka-tsantsan: wani ɗaki gabas da ɗakin wuta da aka ce na Anahita ne, allahiyar ruwa ta Farisawa. Ba duk masana suka yarda ba, kuma kasancewar tafki a kusa bai isa hujja ba.

Tambayar da mai karatu Musulmi zai yi ita ce: ina ruwan Jamhuriyar Musulunci da kashe kuɗi a kan gidan wuta? Tambaya ce mai tushe. Akwai malaman da ke ƙyamar ziyarar irin waɗannan wurare, suna kafa hujja da hadisin Hijir, inda Annabi (SAW) ya hana shiga gidajen Samudawa sai dai mutum yana kuka. Amma Hijir wurin da azaba ta sauka ne, nassi ya ambace shi da suna, kuma ita kanta Saudiyya ta sa shi a jerin UNESCO a 2008. A ɗaya ɓangaren, a cikin Suratur Rum ɗin nan, aya ta 9, aka ce shin ba su yi tafiya a bayan ƙasa ba su ga yadda ƙarshen waɗanda suka gabace su ya kasance, waɗanda suka fi su ƙarfi, suka nome ƙasa suka raya ta. In an share kufai, me matafiyin zai gani? Ba wutar da ake hurawa a Takht-e Soleyman yau. Waɗanda suka fasa gumakan Bamiyan a 2001, da Tadmur a 2015, da hubbaren waliyyan Tumbuktu a 2012, sun yi abin da sahabin da ya ci wannan yanki bai yi ba, alhali a lokacinsa wutar na ci, masu ita na rawa a gabanta.

Su kansu Majusawan ba su ƙare ba. Ƙidayar Iran ta 2011 ta nuna kimanin 25,000, kuma suna da kujera ɗaya a majalisar dokokin ƙasar. A Indiya, inda kakanninsu suka yi hijira, ƙidayar wannan shekarar ta ba da kimanin 57,000, su ne ake kira Parsi. Manyan wutarsu tara ne a duniya yanzu, takwas a Indiya, ɗaya a Yazd. Ga sauran Iraniyawa kuwa, Shi'a da Sunni, Farisawa da Kurdawa da Azarawa, wurin shaida ne cewa ƙasarsu ta yi daula kafin Musulunci da bayansa, kuma gwamnati ta san haka, ta kuma san kuɗin da masu yawon buɗe ido ke kawowa.

Barazanar da ke kan wurin yau mafi yawanta ta yanayi ce. Ruwan dusar ƙanƙara na shiga tsagar dutse da rana, ya daskare da dare, ya buɗa tsagar, shekara bayan shekara. Bangon da ya kwana ɗaruruwan shekaru a binne ya fi saurin lalacewa da zarar an tono shi an bar shi a fili, don haka aikin yanzu ya fi karkata ga tokarewa da rufewa fiye da sabon tono. Sai kuma ma'adinai. Tun Abu Dulaf ya ambaci zinariya da zaiba a duwatsun Shiz, kuma a yau Zarshuran, mahaƙar zinariya mafi girma a Iran, tana cikin wannan gunduma ta Takab, da ta Agh Darreh. Tafkin da ya gina tudun ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ke ciyar da shi, saboda haka duk wani haƙa mai zurfi a yankin abin sa wa ido ne ga hukumar kula da kayan tarihi ta Iran, wadda ke riƙe da wurin.